Tourmalet: Hawan da Ya Kai Ɗan Tseren Keke Maƙera

Mai keke a Sabon Gari ko Fagge bai san hawa ba. Kano shimfiɗe take, in ka ɗebe Dala da Goron Dutse sai gadar sama, ita ma da yawa sauka suke su tura. Shi ya sa in ana nuna gasar Tour de France a talabijin cikin watan Yuli, mutanenmu kan ɗauka yawon shan iska ne cikin duwatsu.

Ba haka ba ne. A kudancin Faransa, cikin duwatsun Pyrenees kusa da iyakar Sifaniya, akwai mashigin da ake kira Tourmalet, mita 2,115 sama da teku. Daga ƙauyen Sainte-Marie-de-Campan zuwa ƙololuwarsa kilomita 17 ne, hawa zalla. Da can hanyar makiyaya ce da masu zuwa wankan magani a maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Barèges. A 1910 aka fara bi da 'yan tsere ta nan, babu kwalta, kekuna ba canjin giya irin na yau. Octave Lapize, wanda ya ci gasar a shekarar, da ƙafa ya taka wani sashen yana tura kekensa.

Amma abin da mai gyaran keke na gefen kasuwar Sabon Gari zai fi ganewa ya faru ne a 1913. Ɗan tsere Eugène Christophe yana gangarowa daga Tourmalet sai ƙarfen da ke riƙe tayar gaba ya karye. Dokar lokacin ta hana kowa taimaka wa ɗan tsere. Ya saɓa keken a kafaɗa, ya taka har maƙerar Sainte-Marie-de-Campan, ya sa ƙarfen a wuta, ya yi ta dukansa da kansa har ya haɗe, alƙalan gasa suna tsaye a kansa. Hannu biyu ba sa riƙe ƙarfe da masaba su kuma yi zuga, sai wani yaro ya kama masa zuga-zugi. Wai laifin ke nan: aka ci Christophe tarar mintuna, bayan awowin da ya riga ya rasa. A ganina wannan ba doka ba ce, ƙeta ce.

Duk da haka ya hau kekensa ya ƙarasa, ya gama gasar a na bakwai. A 1919 shi ne mutum na farko da aka sa wa rigar nan mai ruwan ɗorawa ta wanda ke kan gaba.