"An Gwada Shi A Kan Ɓera": Abin Da Mai Ciwon Gaɓɓai Ya Kamata Ya Sani

 

Yanzu da wuya ka ji tallar maganin sanyin ƙashi ko ciwon gwiwa, a rediyo ko a lasifikar mota, ba a ce maka "masana sun gwada, sun tabbatar yana sauke kumburi" ba. Sau da yawa ba ƙarya aka yi ba, an yi gwajin. Sai dai a kan ɓera aka yi shi. To bari ka ji yadda ake yi, domin ka san nauyin da za ka ɗora wa maganar kafin ka saya wa tsohuwarka jarka guda.

*Yadda ake gwajin*

Hanyar da ta fi shahara wasu masana uku ne suka fito da ita a Amurka a 1962, jagoransu Charles Winter, kuma har yau ɗalibanmu na harhaɗa magunguna a Zariya, Kano da Sakkwato suna aiki da ita. Ana samo fararen ɓeraye na ɗakin bincike, lafiyayyu, a raba su rukuni-rukuni, biyar ko shida a kowane rukuni. Na farko a ba su ruwan gishiri kawai. Na biyu a ba su maganin asibiti da aka san aikinsa, kamar asfirin ko daikulofenak. Sauran a ba su abin da aka tatso daga ganyen ko saiwar, wasu kaɗan, wasu da yawa.

Bayan rabin awa ko awa ɗaya, sai a yi wa kowane ɓera allurar wani sinadari a tafin ƙafar baya, kamar ɗigo biyu. Sunansa karajinan, daga wata ciyawar teku ake samunsa. A nan gida wani lokaci da farin ɗanyen ƙwai ake yi. Ƙafar sai ta fara tashi, ta kai maƙura cikin awa uku zuwa biyar. Duk bayan awa ɗaya a tsoma ta cikin ɗan bututu mai ruwa, a duba inda ruwan ya hau. In ƙafar waɗanda suka sha ganyen ba ta kai ta 'yan ruwan gishiri tashi ba, sai a rubuta cewa ganyen yana rage kumburi. Shi ke nan fa.

Wani zai ce ai ɓera ne, shari'a ma ta halatta kashe shi. Haka ne, amma ba ta halatta azabtarwa ba, ka tuna hadisin matar da ta tsare kyanwa. Su ma masanan suna da ƙa'ida tun 1959: a rage yawan dabbobin, a sauƙaƙa musu wahala, in akwai wata hanya a bar su.

*Habbatus sauda ta ci wannan jarrabawa*

Alhamdulillah, ta ci. A 1995 masu bincike a Landan sun nuna cewa man habba, da sinadarin cikinsa mai suna taimokwinon, suna daƙile abubuwan da ƙwayoyin jinin ɓera ke fitarwa masu hura wutar kumburi. A 2001 wani bincike a Saudiyya ya nuna habba ta rage kumburin ƙafar ɓera, ta rage raɗaɗi, amma a gwajin zazzaɓi ba ta sauke zafin jiki ba. Wannan na ƙarshen ba za ka ji shi a bakin mai talla ba.

Mu dai imaninmu da hadisin Abu Huraira (RA) da ke cikin Bukhari da Muslim ba ya jiran ɓera. Amma hadisin bai faɗi cokali nawa ba, bai faɗi kwana nawa ba. Ibn Hajar ya yi bayani a Fathul Bari cewa wani ciwon ita kaɗai ake amfani da ita, wani sai an haɗa, wani a sha, wani a shafa. Gano wannan aikin masu ilimi ne, kuma gwajin ɓera matakin farko ne kawai a cikinsa.

*Inda gizo ke saƙar*

Ka lura da tsarin da kyau. An ba ɓeran magani kafin kumburin ya zo. Ɓeran matashi ne, ba ya da hawan jini, ba ya da suga, ba ya shan wani magani. Gwajin duka bai wuce wuni ɗaya ba. Ita kuwa Hajiya shekara goma tana fama da gwiwa, guringuntsin ya riga ya zaizaye, ga olsa, ga ƙwayoyin hawan jini safe da yamma.

Sannan abin da aka ba ɓeran ba shi ne jiƙon da ke cikin gorarka ba. Galibi da wani sinadari ake tatso shi, a busar ya zama ɗan ƙullutu mai ƙarfi, wani lokaci ma allurarsa ake yi a ciki, ba ta baki ba. Kuma ba a ɗaukar awon ɓera a ninka da nauyin mutum. Wanda ya yi haka zai sha fiye da ninki shida na abin da ya dace, domin jikin ɓera ya fi namu saurin sarrafa magani.

Dubi kurkum. Tun shekarun 1970 aka nuna a Indiya cewa sinadarinsa na rage kumburi a ɓera, amma a jikin mutum kaɗan ne ƙwarai ke shiga jini. A 1998 aka gwada haɗa shi da sinadarin masoro: a ɓera shigarsa jini ta ƙaru da kashi 154 cikin ɗari, a mutum da kashi 2,000. Abu ɗaya, jiki biyu, sakamako daban. Daga nan kamfanoni suka shiga yin ƙwayoyin kurkum masu ƙarfi, sai ga shi a 2019 hukumomin Italiya sun samu mutane da ciwon hanta bayan shan irinsu. Kurkum na miya da shayi ba shi ake magana ba, uwargida ki ci gaba da girkinki.

Haka gwajin guba. Hanyar da aka fi bi a jami'o'inmu ita ce a ba dabba awo mai yawa sau ɗaya, har zuwa miligiram 5,000 a kowane kilo na nauyinta, a ga ko za ta kwana. In ta kwana, an san ba ya kisa nan take. Ba a san abin da zai yi wa ƙoda bayan wata shida ba. A Beljiyam, farkon shekarun 1990, mata sama da ɗari ƙodarsu ta lalace saboda maganin rage ƙiba da aka sa wa wani tsiro na Sin, dangin duman dutse. Ko magungunan da suka wuce matakin dabba aka fara gwada su a kan mutane, kusan 9 cikin 10 ba sa kaiwa kasuwa.

*Kumburi suna ne ya tara*

Wannan ita ce gaɓar da ta fi damuna. A Hausa kalma ɗaya muke da ita. Targaɗe kumburi, maruru kumburi, ƙafar mai ciwon ƙoda ma kumburi. Wanda ake aunawa a ɓera shi ne mai zafi, mai ja, mai raɗaɗi. Amma ƙafafu biyu su tashi tare babu zafi, ka danna da yatsa wurin ya lotsa, ko a wayi gari fuska ta cika, wannan ruwa ne ya taru, kuma sau da yawa daga zuciya, ƙoda ko hanta yake. Babu gwajin ƙafar ɓera da ya shafe shi. Mai juna biyu da fuska da hannu suka kumbura, ga ciwon kai, ga gani dishi-dishi, maigida kada ka tsaya jiƙa komai, asibiti za a tafi a ranar, don yana iya zama mafarin jijjiga. Ƙafa ɗaya ta kumbura farat ɗaya da ciwo a sha-raɓa, ita ma kada a kwana da ita.

In kuwa ciwon gaɓɓai ne da likita ya riga ya duba, kana son haɗawa da habba, citta ko man zaitun, to ka faɗa masa, musamman in kana shan maganin tsinka jini, ko kana da olsa ko ciwon ƙoda. Kada ka ajiye maganin asibiti da kanka. Ka duba kwalba: lambar NAFDAC mai harafin L a ƙarshe tana nufin an duba amincin maganin, ba wai hukumar ta tabbatar da duk cututtukan da aka jera a jiki ba. Haɗin da ba a rubuta abin da ke cikinsa ba, wanda ke ɗauke ciwon shekaru cikin rabin awa, ka yi hattara da shi, an sha samun irinsu da ƙwayoyin asibiti a niƙe a ciki. Ka tambayi mai sayarwa kai tsaye: a kan wa aka gwada, ɓera ko mutum, kuma mutum nawa?

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Wallahu a'alam.