2.3 Tarihin Gidan Siliman Shiga-da-Mota na Camden

A wannan sashe za a yi ƙoƙarin kawo tarihin gidan siliman shiga-da-mota na farko da aka yi wa rajista a Amurka. Abin da ake nufi da irin wannan silima shi ne fili marar rufi, inda mai kallo zai shiga da motarsa ya kalli fim daga cikinta.

2.3.1 Kafuwarsa

Wanda ya kafa gidan shi ne Richard Hollingshead, ma'aikaci a kamfanin mahaifinsa na kayayyakin mota. Ya fara gwaji ne a harabar gidansa, inda ya ɗora majigin Kodak a kan mota, ya kuma kafa allo a jikin bishiyoyi. Matsalar da ya fara cin karo da ita ita ce, motar gaba tana tare wa ta baya allo. Don haka sai ya shirya tudu mai gangara a kowane layi, yadda gaban kowace mota zai ɗaga sama. A watan Mayun 1933 hukuma ta ba shi takardar mallakar wannan fasaha.

An buɗe gidan ranar 6 ga Yuni, 1933, a Pennsauken da ke bayan garin Camden, a jihar New Jersey. Filin yana ɗaukar motoci kimanin 400. Kuɗin shiga kuwa santi 25 ne kowace mota, da kuma santi 25 kowane mutum.

2.3.2 Dalilan Rufe Shi

Duk da wannan ƙoƙari, gidan bai wuce shekara uku ba. Da farko dai akwai matsalar sauti. An kafa manyan lasifikoki ne a kusa da allo, saboda haka 'yan layin baya sukan ga bakin ɗan wasa ya motsa kafin maganarsa ta iso musu. Na biyu, kamfanonin rarraba finafinai ba sa ba shi sababbi, sai waɗanda aka riga aka gama nunawa a cikin gari, ga kuma tsadar haya. Ganin babu riba, sai Hollingshead ya sayar da shi.

2.3.3 Tasirinsa

Rufe gidan bai kashe dabarar ba. A 1941 kamfanin RCA ya fito da ƙaramar lasifika da ake rataya wa kowace mota, wadda ta magance matsalar sauti. Zuwa 1958 irin waɗannan gidaje sun haura 4,000 a Amurka. Daga baya yaɗuwar talabijin da bidiyo, da tsadar filayen bayan gari, suka sa aka rushe mafi yawansu aka gina kantuna da gidajen kwana.

Bisa ga haka, za a iya cewa Hollingshead ya riga zamaninsa ne, domin kuwa na'urar da dabararsa ke bukata ba ta samu ba sai bayan ya rabu da gidan.