Gidan da Babu Likita, Amma Ana Samun Sauƙi

A garin Northampton na jihar Massachusetts a Amurka, akwai wani gida mai suna Afiya da aka buɗe a 2012. Mutumin da damuwa ta yi masa katutu, har yana tunanin kashe kansa, yana iya zuwa ya kwana har bakwai kyauta. Babu likita, babu allurar dole, ba a kulle ƙofa. Masu kula da gidan duk sun taɓa ɗanɗana irin wannan ukuba, wasu ma an taɓa kwantar da su a asibitin masu taɓin hankali.

Aikinsu sauraro ne. Baƙo zai ci abinci, ya yi barci, ya tafi wajen aikinsa in ya ga dama, ya dawo ya tarar da wanda ba zai razana da maganarsa ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin tsoron a tsare mutum shi ke sa da yawa su yi gum har abin ya ƙazanta.

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya Afiya cikin misalan da suka cancanci a yi koyi da su.