Gargaɗi ga mazauna Mancesta da Bamingam kan tsargiya

'Yan'uwa mazauna Mancesta da Bamingam, ku kasa kunne. Kun je gida hutu? Yaranku sun shiga ruwa a Tiga ko Bagauda? Sun yi wanka a kududdufi, ko sun taka ruwan noman rani a Kadawa? To, kada maganar nan ta kwana.

Tsargiya nake nufi. Tsutsarta tana fitowa daga jikin dodon koɗin ruwa, ta huda fata, ta samu wuri cikin jijiyoyin jini, ta yi shekaru tana zuba ƙwai. Sanyin Ingila ba ya kashe ta. Kana zuwa aiki lafiya lau, ita kuwa tana cinka a ɓoye.

Ka ga jini a ƙarshen fitsarinka? Kina fama da ciwon mara da ya ƙi jin magani? Yaro ya yi fitsarin jini, kaka ta ce balaga ce? Cuta ce, wallahi.

Ku ji abin da likita ke gani idan an makara. Sikanin yakan nuna bangon mafitsara ya yi kauri, ya fid da ƙuraje. Yakan nuna ƙoda ta kumbura saboda fitsari ya rasa hanya. A hoton eksire, mafitsara kan fito da farin zobe, domin matattun ƙwai sun daskare a jikinta. Wani nau'in kuma hanta yake kamawa, tabo ya shaƙe jijiyoyinta har mutum ya yi aman jini. Nau'in da ke kama mafitsara kuwa yana iya kaiwa ga sankarar mafitsara, ga mata kuma matsalar haihuwa.

Likitan unguwa a nan ba kullum yake ganin cutar ba. Idan ba ka faɗa ba, ina zai sani? Je ka ce masa ka shiga tafki a Najeriya ko Nijar, kana son gwajin schistosomiasis, wato tsargiya. Gwajin jinin ya fi nunawa bayan kamar wata 3 da shiga ruwan. A duba fitsari ma. Asibitin North Manchester General da na Heartlands a Bamingam duk suna da sashen cututtuka masu yaɗuwa, ana iya tura ka can.

Maganin, praziquantel, a yini ɗaya ake shan sa. Yana kashe tsutsa, amma tsohon tabo ba lallai ya goge ba. Me kake jira?

Wanda kuwa ya dawo da zazzaɓi, kada ya jira gobe. Yana iya zama maleriya. Ya kira 111 yau.

Iyaye, ku tambayi yaranku yau ɗin nan ko sun shiga ruwa, ku nemi ganin likita cikin makon nan.