Masu Sa Ido a Kan Akantocin Abijan

Ɗan kasuwar da ya bunƙasa a Adjamé ko Treichville, ko da da tallan atamfa ya fara, wata rana sai ya nemi rance a banki ko ya nemi kwangila. Ranar nan ba wanda zai tambaye shi yawan jakunkunan kuɗin da ke shagonsa. Takardun lissafi za a nema, kuma a ƙasansu a ga sa hannun akanta mai rajista. Hukumar haraji ta Kwaddibuwa ma tana son ganin wannan sa hannu. Daga mahadar Indénié zuwa ofisoshin Plateau tafiya kaɗan ce, amma Hausawa 'yan kasuwa da yawa ba su san wa ke tsare da wannan sa hannu ba.

Ƙungiyar akantocin ƙasar ce, wadda ake kira Ordre des Experts-Comptables. Doka ce ta kafa ta a 1992, aka sake mata tsari a 2009. Ba ita kaɗai ba ce a yankin: a 1997 ƙungiyar tattalin arzikin Yammacin Afirka ta UEMOA ta umarci ƙasashenta takwas, har da Nijar, da kowace ta kafa irin wannan ƙungiya. Ƙa'idojin lissafin kuma ɗaya ne a ƙasashe 17 na OHADA, yarjejeniyar dokokin kasuwanci da aka sa wa hannu a Port-Louis a 1993, wadda babbar kotunta ke zaune a nan Abijan. Sabon tsarin lissafi na SYSCOHADA ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2018.

Babban taron mambobi ne ke zaɓen majalisar da ke tafiyar da ƙungiyar. Gwamnati na da wakilinta a ciki. Amma ainihin aikin yana hannun kwamitoci. Akwai kwamitin rajista, wanda ke duba takardun duk mai son shiga, ya tabbatar ya yi karatun, ya yi shekarun koyon aiki a ƙarƙashin wani gwani, kuma ba shi da tabo. Wanda sunansa bai shiga wannan rajista ba, sa hannunsa ba shi da daraja a gaban doka, ko da ya fi kowa iya lissafi. Sai kuma ɓangaren ladabtarwa, mai ikon jan kunne, dakatarwa, ko share suna gaba ɗaya. A tsarin Faransa da aka kwaikwayo, alƙali ne ke shugabantar irin wannan zama, don kada abokan sana'a su zama su kaɗai ke shari'ar juna.

A nan ne matsalar take. Akantoci masu rajista a gari ɗaya sun san juna. Sun yi karatu tare a Yamoussoukro ko Dakar, wani ya koyi aiki a ofishin wani, kuma wanda aka kai ƙara yau shi ne mai jefa ƙuri'a a zaɓen majalisa gobe. Kunya da zumunci suna da nauyi, kuma hukunci a kan ɗan'uwa ba ya da daɗin yankewa. Duniya ta ga inda wannan ke kai mutane. A Amurka, kamfanin Enron ya rushe a 2001, ya tafi da babban kamfanin binciken kuɗi Arthur Andersen, har majalisar ƙasar ta kafa hukuma ta musamman a 2002 don ta riƙa binciken masu bincike. A Najeriya, an gano a 2006 cewa Cadbury ta yi shekaru tana kumbura alƙaluman ribarta, kuma daga baya, a 2011, aka kafa hukumar sa ido kan rahoton kuɗi, ban da ƙungiyoyin akantoci na ICAN da ANAN da ke akwai. Kwamitin da ba a san sakamakon zamansa ba, wanda ba ya leƙa ofisoshin mambobi ya duba fayilolinsu, bai cika amanar da doka ta ɗora masa ba.

Abin ya shafi ƙaramin ɗan kasuwa fiye da yadda yake zato. Dokar OHADA ta ce kamfani mai iyakantaccen alhaki (SARL) dole ya naɗa mai binciken kuɗi idan ya cika biyu daga cikin sharuɗɗa uku: dukiyarsa ta wuce sefa miliyan 125, cinikinsa na shekara ya wuce miliyan 250, ko ma'aikatansa na dindindin sun haura 50. Mai sayar da shinkafa a sari yana iya ƙetare ma'aunin ciniki cikin shekara guda. Ɗan kasuwar da cinikinsa bai kai miliyan 60 ba kuwa an sauƙaƙa masa da ƙaramin tsari na rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, kuma akwai cibiyoyin CGA da aka amince musu su taimaka masa.

Haɗarin da ya fi kusa da shi shi ne akantocin bogi, masu zuwa shago su ce za su shirya takardun da araha, alhali sunansu ba ya cikin rajista. In lissafin ya ɓaci, hukumar haraji mai shagon za ta kama, kuma ba kwamitin da zai kai wa ƙara, domin ƙungiyar mambobinta kawai take iya ladabtarwa. Rajistar a buɗe take ga kowa, kuma ɗan kasuwa na da haƙƙin ya nemi ganin sunan akantansa a ciki kafin ya miƙa masa littafin ciniki.