Tubala 120 Da Suka Ta Da Ƙura A Birnin Landan

A cikin watan Fabrairu na shekarar 1976 ne jaridar Sunday Times ta ƙasar Ingila ta bayyana cewa gidan adana zane-zane na Tate da ke Landan ya kashe kuɗin jama'a wajen sayen tubala 120. Tun shekarar 1972 aka ƙulla cinikin a kan fam 2,297. Tubalan irin na gina tanderu ne, an jera su a ƙasa hawa biyu, kowane hawa guda 60, babu siminti, babu fenti.

Nan da nan sauran jaridu suka yi ca a kan maganar. Jaridar Daily Mirror ta kira aikin tarin shara, wani mutum kuma ya je ya watsa wa tubalan ruwan rini. Tambayar jama'a ita ce, tun da kowane magini yana iya jera tubali, mene ne aka saya?

Mai wannan aiki, Carl Andre, mutumin Amurka ne, kuma yana cikin jagororin salon taƙaitawa, wanda ya kunno kai a birnin New York a shekarun 1960. Masu wannan salo sun ƙi yarda aiki ya ba da labari ko ya nuna damuwar mai shi. Donald Judd yakan ba maƙera kwangilar akwatunan ƙarfe masu girma ɗaya, Dan Flavin kuwa dogayen ƙwayayen lantarki na kanti yake kafawa a bango. Nufinsu shi ne a rage kome, har mai kallo ya tsaya ga siffar abu, da nauyinsa, da wurin da ya tare a ɗaki.

Wannan ra'ayi ya sami gindin zama wajen masu ɗaukar hoto, domin su aikinsu daga ragi yake farawa: abin da ke gaban kyamara ya cika, sai an zaɓi abin da za a fitar. Tun shekarar 1980 Hiroshi Sugimoto na ƙasar Japan yake ɗaukar hotunan teku marasa launi, rabi ruwa rabi sama, babu jirgi babu gaɓa. Shi kuma Andreas Gursky, Bajamushe, a hotonsa na kogin Rhine na 1999 ya yi amfani da kwamfuta ya share mutane da ginin masana'anta, ya bar ciyawa da ruwa da sama kurum. A watan Nuwamba na 2011 aka yi gwanjon hoton a kan dala miliyan 4.3, kuɗin da ba a taɓa sayen hoto da shi a gwanjo ba kafin lokacin.

Tarihin tubalan kansu ya amsa tambayar jama'a. A 1966 Andre ya nuna jeri takwas a New York, kowanne tubala 120 amma siffarsa dabam. Da aka rasa mai saye, sai ya mayar da yawancin tubalan inda ya sayo su. Na Tate a 1969 ya sake jera su da waɗansu tubala dabam. Ke nan abin da aka biya wa kuɗi shi ne tsarin jerin, wanda yake tilasta wa mutum ya zagaya, ya dubi ƙasa, ya lura da ɗakin da yake tsaye a ciki.

Carl Andre ya rasu a watan Janairu na 2024 yana da shekara 88. Tubalan suna nan cikin kayan da gidan Tate ya mallaka.