Mai Shari'a Muhammadu Bello: Daga Gabatar da Ƙara Zuwa Kujerar Alƙalin Alƙalai

A ƙasar Zakirai ta Jihar Kano, inda gona ke manne da gona, yawancin rigimar da ke kai mutane gaban hukuma ba ta wuce ta iyaka, gado, aro ko jingina. Galibi a zauren mai unguwa ko dagaci ake kashe ta, wadda ta gagara ta tafi kotun shari'ar Musulunci. Amma da zarar an zubar da jini, magana ta fita daga hannun dangi, ta koma hannun wasu mutum biyu da jama'a ke yawan haɗa su wuri guda: lauyan gwamnati mai gabatar da ƙara, da alƙali. Aikinsu ba ɗaya ba ne, kuma rayuwar mutumin da ya zauna a kujerun biyu za ta nuna mana bambancin.

An haifi Muhammadu Bello a Katsina a 1930, a gidan malamai. Mahaifinsa Gidado mufti ne. Ya zama lauya a Landan a 1956, lokacin da ana iya ƙirga lauyoyi 'yan Arewa da yatsun hannu, ya dawo ya kama aikin lauyan gwamnatin Jihar Arewa. Ya yi majistare daga 1961, sannan a 1964 aka ba shi muƙamin daraktan gabatar da ƙararraki na Arewa baki ɗaya.

Zamanin da ya riƙe wannan ofis ba ƙaramin zamani ba ne. A 1958 gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, kuma daga shawararsu aka samar da kundin Final Kot, wanda ya fara aiki a 1960. Dokar sabuwa ce, alƙalan gargajiya na koyon ta, 'yan doka na koyon ta, kotunan sarakuna kuma suna nan da ƙarfinsu, don sai bayan juyin mulkin 1966 aka rushe su. A irin wannan yanayi, wanda ke yanke shawarar wa za a gurfanar da wa za a saki yana riƙe da wuyan mutane da yawa.

Ga yadda aikin yake har yau. A ce a farkon damina maƙwabta biyu sun yi cacar baki kan jerin gambar da ta raba gonakinsu, ɗaya ya ɗaga fartanya, ɗayan ya faɗi bai tashi ba. 'Yan sanda za su kama wanda ake zargi, wani lokaci har da ƙaninsa da ke tsaye a gefe. Daga ofishinsu sai sashen binciken manyan laifuka a Bompai, sai gaban majistare. Majistare ba shi da hurumin shari'ar kisan kai, don haka zai ba da umarnin a tsare su, a aika fayil ɗin ma'aikatar shari'a. Nan ne iyali ke fara jin kalmar da ke cinye musu watanni: "ana jiran shawara." Lauyan gwamnati ne zai karanta bayanan shaidu da takardar likita, ya rubuta ko akwai hujjar gurfanarwa, da kuma a kan wa. Idan ya ga babu abin da ya haɗa ƙanin da laifin, layi biyu daga alƙalaminsa sun isa a buɗe masa ƙofar gidan yari. Idan fayil ya kwanta a kan tebur, yaron na iya rasa noman bana da na baɗi, alhali ba wanda ya same shi da laifi.

Sashe na 211 na tsarin mulkin 1999 ya ba Antoni Janar na jiha ikon shigar da ƙarar laifi, karɓe wadda wani ya shigar, ko janye ta kafin hukunci. Sashe na 174 ya ba na tarayya irin wannan iko. Sashe na 36 kuma ya ce duk wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai an tabbatar. Saboda haka idan an tsare naku, tambayar da za ku riƙa yi ita ce ko fayil ya isa ma'aikatar shari'a, kuma yaushe. A ganina lauyan gwamnati na ƙwarai ba a auna shi da yawan waɗanda ya sa aka ɗaure. Mutumin da ya hana a gurfanar ba bisa hujja ba ma aikinsa ne.

A 1966 Bello ya zama alƙalin babbar kotu. Wannan sauyi ya fi ƙarin girma. Jiya shi ke gina tuhuma, yau shi zai auna ta, ya kuma yi watsi da ita idan ta yi rauni, ko da tsofaffin abokan aikinsa ne suka kawo ta. Ya hau Kotun Ƙoli a 1975, ya gaji Ayo Irikefe a matsayin Alƙalin Alƙalan Nijeriya a 1987, ɗan Arewa na farko da ya kai wannan matsayi.

A shekarar da ya zama Alƙalin Alƙalai, kotun ta yanke cewa lauya Gani Fawehinmi na da damar neman gabatar da ƙara da kansa kan kisan ɗan jarida Dele Giwa, wanda bam ɗin cikin wasiƙa ya hallaka a 1986, bayan ofishin gabatar da ƙararraki na Legas ya ja ƙafa. Amma hukuncin da ya fi shafar manomi shi ne na Abioye da Yakubu a 1991. Wasu Fulani makiyaya a Jihar Kwara sun daɗe zaune a ƙasar da aka ba su bisa sharaɗin biyan wani abu ga masu ita. Da dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta fito, sai suka ɗauka ƙasar ta zama tasu. Kotun Ƙoli ta ce a'a, dokar ba ta mayar da wanda aka ba wa zama mai ƙasa ba. A kan al'adar can aka gina hukuncin, amma mai aron gona a Zakirai zai gane shi, domin a fiƙihun Malikiyya ma hauzi, wato daɗewar abu a hannun mutum mai shi na gani bai yi magana ba, ba ya cin abin da aka tabbatar aro ne ko jingina. Shi ya sa shaidu da ɗan rubutu ranar ba da aro ke da muhimmanci, ko tsakanin wa da ƙani ne.

Akwai kuma abin da bai kamata a ɓoye ba. Duk shugabancinsa a ƙarƙashin soja ya yi shi, in ban da 'yan watannin gwamnatin riƙon ƙwarya ta Shonekan, kuma sojoji kan rubuta a cikin dokarsu cewa kotu ba ta da ikon duba ta. Bayan jaridar Concord ta Moshood Abiola ta buga labarin motocin Marsandi da gwamnatin Babangida ta ba alƙalan Kotun Ƙoli, Bello da wasu abokan aikinsa sun maka jaridar a kotu kan ɓata suna. Ba a jima ba shari'ar Abiola da kansa ta iso gabansu, yana tsare kan zargin cin amanar ƙasa. Lauyoyinsa suka ce masu ƙarar jaridar mutum ba za su zauna su yi masa shari'a ba. A 1995 alƙalan suka amince, suka janye. Janyewar daidai ce, domin ba a zama alƙali a kan wanda ake rigima da shi. Kuskuren tun wajen shigar da ƙarar aka yi shi, kuma Abiola ne ya biya: alƙalan da suka rage ba su kai adadin zama ba, gwamnatin Abacha ba ta cike gurbin ba, ya ci gaba da zama a tsare har ya rasu a Yulin 1998.

Bello ya yi ritaya a ƙarshen 1995, ya rasu a 2004. Wanda ya gaje shi, Muhammadu Lawal Uwais na Zariya, shi ma daga lauyan gwamnatin Arewa ya faro, haka nan Aloma Mukhtar, wadda ta yi alƙalanci a babbar kotun Kano daga 1977, ta kuma zama mace ta farko da ta shugabanci Kotun Ƙoli a 2012.